Sabuwar uwar garke, tsohuwar manhaja: layin da ake tsallakewa a takardar kwangila

A takardun neman sayen kayan kwamfuta da ke zagayawa tsakanin ofisoshin ma'aikatu da hukumomin tarayya a Abuja, akwai layi guda da ido ba ya cika tsayawa a kansa. Ana rubuta girman ma'adanar bayanai, da ƙarfin na'urar sarrafawa, da shekarun garanti, har da batirin da zai riƙe injin idan an ɗauke wuta. Idan aka zo kan babbar manhajar da za ta tafiyar da shi, sai a rubuta Windows Server ko Linux kawai, babu lamba babu shekara, a bar wa ɗan kwangila ya zuba abin da ya ga dama. Daraktan da zai sa hannu yana ganin wannan magana ce ta yaran sashen kwamfuta. Yaran kuma ba a cika kiransu ba sai ranar da kwali ya iso bakin ƙofa.

Uwar garke ita ce kwamfutar nan da ake ajiyewa a ɗaki mai sanyi, ba a kashe ta dare da rana, wadda sauran kwamfutocin ofis ke zuwa wurinta neman abin da suke bukata. A kanta bayanan ma'aikata suke zaune, da wasiƙun imel, da shafin hukuma na intanet, da fayilolin da aka kwashe daga kabad aka mayar na lantarki. Tun da Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya matsa wa ma'aikatu su bar aiki da takarda, nauyin da ke kan waɗannan injina ya ƙaru matuƙa. A da, fayil ɗaya ne ke ɓata a rajista, a neme shi kwana biyu a gano shi a teburin wani. Yanzu idan uwar garke ta faɗa hannun 'yan dandatsa, rajistar ce gaba ɗaya ke tafiya a dare guda.

Abin da ya kamata kowane mai sa hannu ya sani shi ne, babu zubin babbar manhaja da ba a yanka masa ranar da masu shi za su daina kula da shi ba, kuma ranar a rubuce take a fili tun ranar da ya fito. Idan wa'adin ya cika, injin ba ya mutuwa. Yana ci gaba da aiki kamar jiya, fitilunsa na walƙiya, ma'aikata na shiga suna fita, kuma wannan ne ya sa haɗarin yake da wuyar gani. Abin da ke tsayawa shi ne faci, wato gyaran da kamfani ke aikowa duk lokacin da aka gano wata ɓaraka. Gano ɓaraka kuwa ba ya tsayawa. Sau da yawa ramin da aka toshe a sabon zubi yana nan a tsoho, domin tushensu ɗaya ne, kuma masu kutse suna nazarin facin da aka fitar wa sabon don su gane inda za su bi su shiga wanda aka daina yi wa.

Ranakun ba sirri ba ne. Microsoft yakan kula da kowane babban zubin Windows Server na shekara goma. Na 2012 ya ƙare a watan Oktoban 2023, na 2016 zai ƙare a Janairun 2027, na 2019 a Janairun 2029, na 2022 a Oktoban 2031, na 2025 kuma a 2034. Kamfanin Canonical yana fitar da Ubuntu mai dogon wa'adi, wanda ake yi wa alama da haruffan LTS, a watan Afrilu na kowace shekara biyu, ya kula da shi kyauta shekara biyar, wanda ya biya kuɗin Ubuntu Pro kuma a kai masa shekara goma. Da wannan lissafi, 20.04 ya fita daga kulawar kyauta a 2025, 22.04 zai fita a 2027, 24.04 a 2029. Debian, wadda masu sa kai ke tafiyarwa, tana samun kimanin shekara biyar. Ta 12 ta fito a Yunin 2023, ta 13 a Agustan 2025. Red Hat Enterprise Linux yana da shekara goma, don haka na 9 da ya fito a 2022 zai kai 2032.

Daga nan lissafin na ɗan firamare ne. Injin da aka saya a 2026, idan an yi masa tsammanin shekara biyar, zai kai 2031, kuma duk wanda ya san yadda kayan gwamnati ke daɗewa ya san zai wuce haka. Idan aka zuba masa Windows Server 2019, an sayi injin shekara biyar an ɗora masa manhajar da ta rage shekara uku. Idan aka zuba Ubuntu 22.04, abin da ya rage bai kai shekara biyu ba. Ko 24.04 ɗin ma ba zai raka injin zuwa ƙarshen rayuwarsa ba, sai dai a shirya ɗaukaka shi a tsakiyar hanya ko a tanadi kuɗin tsawaita kulawa. Duka biyun hanyoyi ne masu kyau, muddin an san da su tun ranar farko an kuma rubuta wanda za a bi.

To me ke sa a zuba tsohon zubi a sabon inji? Ba kasafai mugunta ba ce. Ɗan kwangila yana da faifan da ya saba da shi, wanda ya zuba sau hamsin bai taɓa ba shi kunya ba, kuma abin da ake auna shi da shi ranar miƙa aiki shi ne injin ya kunnu. Wani lokaci kuma manhajar hukumar ce ke ja baya: an rubuta ta shekaru takwas da suka wuce a kan wani tsohon zubin PHP ko Java, wanda ya rubuta ta ya bar ƙasar ko kamfaninsa ya rushe, babu mai ƙarfin halin taɓa ta. Sai a ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Wannan uzuri yana da gaskiya a cikinsa, domin hukumar da manhajar biyan alawus ɗinta ta tsaya saboda an sabunta injin ba za ta gode wa kowa ba. Amma maganin ba shi ne a mayar da dukan sabon injin baya ba. Fasahar yau tana ba da damar a raba inji guda zuwa ɗakuna, kowane ɗaki da babbar manhajarsa. Sai a zuba sabon zubi a matsayin harsashi, a killace tsohuwar manhajar a ɗakinta, a yanke ta daga intanet, a kuma sa ranar da za a sake rubuta ta. Killacewar da ba a sa mata rana ba takan zama zaman dindindin.

Kuskure na biyu kishiyar wannan ne, kuma ya fi kama matasan jami'ai masu zafin nama, waɗanda ke ganin duk abin da lambarsa ta fi girma shi ne ya fi kyau. Ubuntu yana fitar da zubi duk wata shida, amma waɗanda ke tsakanin masu dogon wa'adi wata tara kacal ake kula da su. Wanda ya zuba irinsu a uwar garken hukuma ya ɗaure kansa da sabuntawa sau biyu a shekara, a ofishin da sayen tawadar firinta ke bukatar sa hannu uku.

Akwai kuma dalilin da ya fi gajiya nauyi. A ƙarshen Maris na 2024, wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi diddigi, sai ya gano an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taimaka wa aikin da wani suna da ba a san mai shi ba, har aka amince masa. Gurɓataccen zubin ya riga ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora da wasu masu sabuntawa kullum, amma bai kai ga tsayayyun zubin Debian da Ubuntu da Red Hat ba, domin su sai abu ya kwana biyu ana gwada shi kafin su karɓa. Jinkirin da ake yi wa tsayayyen zubi gori a kai, shi ne ya kare masu amfani da shi a wannan karo.

Ko zubi mai dogon wa'adi ma ba a rungumarsa ranar da ya fito. Canonical da kansa ba ya miƙa wa masu tsohon LTS tayin hawa sabon sai bayan gyaran farko ya fito, wanda yakan zo bayan 'yan watanni, na 24.04 ya zo ne a ƙarshen Agustan 2024. Idan mai abu yana jira, babu dalilin da zai sa hukumar gwamnati ta riga shi. Kamfanonin da ke rubuta manhajar rumbun bayanai da ta ajiyar kwafi su ma sukan ɗauki watanni kafin su tabbatar kayansu na tafiya a kan sabon zubi, kuma idan matsala ta taso a kan zubin da ba su tabbatar ba, amsarsu a shirye take. Matsayar da ta fi dacewa da ofishin gwamnati ita ce a ɗauki zubi mai dogon wa'adi mafi sabunta wanda ya riga ya sami gyaransa na farko, wanda kuma masu manhajar da za ta zauna a kansa suka amince da shi a rubuce.

Sai dai wa'adin da ke rubuce alkawari ne, kuma an taɓa saɓa shi. Shekaru da dama, CentOS ce zaɓin duk wanda ke son ingancin Red Hat ba tare da biyan kuɗi ba, domin kwafinsa ce, an cire tambari kawai. CentOS 8 ta fito a 2019 da wa'adin da zai kai 2029. A watan Disambar 2020, bayan IBM ya sayi Red Hat a kan dala biliyan 34, sai aka sanar cewa za a daina kula da ita a ƙarshen 2021. Shekara takwas suka tafi a sanarwa guda. Waɗanda suka yi abin da ake ganin shi ne daidai, suka bar CentOS 7 suka hau ta 8 da wuri, su ne suka fi shan wahala, domin ta 7 ta ci gaba da samun faci har ƙarshen Yunin 2024. Daga wannan rikici ne Rocky Linux da AlmaLinux suka fito a 2021 don cike gurbin, kuma zuwa yanzu suna bin wa'adin shekara goma irin na Red Hat.

Wani zai ɗauki wannan labari hujjar cewa abin kyauta ba abin dogaro ba ne, a koma ga wanda ake biya. Hujjar ba ta kai nan ba. Waɗanda suka rasa CentOS sun sami inda suka koma cikin watanni, ba tare da sake rubuta manhajojinsu ba, saboda tushen a buɗe yake ga kowa. Abin da labarin ke nunawa shi ne a tambayi wa ke riƙe da alkawarin, me zai sa ya janye, kuma ina za a nufa idan ya janye. Hukumar da ta rubuta yadda aka saita injinta mataki mataki, take kuma gwada dawo da kwafin bayananta lokaci zuwa lokaci, ƙaura gare ta aikin mako guda ne. Wadda saitin ke cikin kan mutum ɗaya, da kalmar sirrin a wayar ɗan kwangila, ko wane zubi ta zaɓa tana cikin hatsari.

A kan tsohuwar muhawarar Windows da Linux, masu kishin kowane ɓangare sun cika zafafawa fiye da kima. Lissafin kuɗi dai a bayyane yake. Lasisin Windows Server ana biyansa ne bisa yawan ƙwayoyin na'urar sarrafawa, mafi ƙaranci goma sha shida a kowane inji, ga kuma lasisin masu shiga da ake saya dabam, kuma farashin da dala ake auna shi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Duk hukumar da ta tsara sabunta lasisi da tsohon lissafi ta ga abin da ya biyo baya. A nan ne wata mummunar ɗabi'a ke shigowa, ta zuba kwafin da aka fasa makullinsa a injin da aka biya kuɗin lasisinsa a takarda. Jami'in da ke karɓar kaya yana da haƙƙin ya ga shaidar lasisi da sunan hukumar, ba da sunan kamfanin ɗan kwangila ba.

Amma Linux ma kyautarta ta tsaya ne a kan lasisi. Tana bukatar mutumin da ya iya ta, kuma irin wannan mutum bankuna da kamfanonin waje na zawarcinsa da albashin da matakin aikin gwamnati ba zai iya gogayya da shi ba. Sashen da ma'aikatansa uku suka ƙware a Windows, manhajojinsa kuma a kanta aka gina su, idan aka tilasta masa Linux don tsimi, an sayi injin da babu mai iya taɓawa, kuma injin da ake tsoron taɓawa ba a yi masa faci. Haka nan sashen da ya saba da Ubuntu bai kamata a jefa masa Red Hat ba don kawai ɗan kwangila dillalinsa ne. Tambayar ita ce wa zai tashi da ƙarfe biyun dare idan abu ya lalace, kuma me hannunsa ya sani. Yawan iri ma cuta ce: ɗakin da ke da injina shida da babbar manhaja iri biyar ya fi wanda ke da iri ɗaya ko biyu wuyar tsarewa.

Zaɓen zubi mai rai kuma rabin aiki ne. A watan Mayun 2017, ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila ta shiga asibitocin hukumar lafiya ta ƙasa, aka soke ganin likita kusan 19,000, aka kuma ƙiyasta asarar fam miliyan 92. Microsoft ya fitar da facin ramin da ta bi tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Mafi yawan kwamfutocin da ta kama suna ɗauke ne da Windows 7, wadda a lokacin ana kula da ita sarai. Facin yana nan, ba a zuba ba. Wannan ya fi kusa da halin ofisoshin tarayya fiye da duk wani labarin ƙwararrun masu kutse, domin tsarin kasafi yana son saye ya ƙi kulawa. Sayen inji babban aiki ne mai lamba a kasafin manyan ayyuka, ana iya ɗaukar hotonsa ranar ƙaddamarwa. Awa biyun da jami'i zai ɗauka kowane wata yana gwada faci yana zubawa ba su da layi a ko'ina, kuma sau da yawa idan ya nemi izinin kashe injin na ɗan lokaci sai a ce ya bari sai bayan taron gobe.

Doka ta riga ta sa wannan sakaci ya zama abin tuhuma. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane, har da hukumomin gwamnati, ya ɗauki matakan tsaro da suka dace, ya kuma sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Da wuya a ga yadda babban sakatare zai gamsar da mai bincike cewa ya ɗauki matakin da ya dace, alhali bayanan albashi da lambobin shaidar ma'aikatansa suna kan manhajar da masu ita suka sanar tun shekaru cewa sun daina kula da ita. Hukumar NITDA, wadda ake bi ta wurinta don tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatu, tana da damar da za ta rage wannan matsala da tambaya ɗaya a fom: wane zubi, kuma yaushe wa'adinsa zai ƙare. Aikin da amsarsa ta gaza rayuwar injin, ba tare da shirin ɗaukakawa ba, a mayar da shi.

Akwai ma tambayar da ta riga duk waɗannan, wato ko hukumar na bukatar sayen injin tun farko. Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, an kafa shi ne don ma'aikatu su daina gina ƙananan ɗakunan kwamfuta kowacce da janaretanta da na'urar sanyaya ɗakinta, kuma manufar gwamnati ta 2019 kan ajiyar bayanai a gajimare ta nuna wannan hanya. Ƙaramar hukuma mai jami'in kwamfuta ɗaya ta fi samun kwanciyar hankali a can. Sai dai kada a ɗauka hayar wuri ta ɗauke nauyin. A tsarin haya da yawa, mai wurin yana kula da ƙarfe da wuta da sanyi ne, babbar manhajar da ke cikin ɗakin da aka ba hukuma kuwa tana wuyan hukumar, sai in yarjejeniya ta faɗi akasin haka ƙarara. A karanta wannan sakin layi kafin a sa hannu.

Mataimakin da ke tace fayil kafin ya kai teburin shugaba ba ya bukatar ya iya Linux kafin ya yi wannan aiki. Ya duba ko takardar ta ambaci lambar zubi da ranar ƙarewar wa'adinsa. Ya duba ko ranar ta wuce shekarun da ake sa ran injin zai yi, in ba ta wuce ba, ko an rubuta shekarar ɗaukakawa da inda kuɗinta zai fito. Ya nemi sunan muƙamin da aka ɗora wa zuba faci, da sharaɗin cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai ɗan kwangila ya miƙa kalmomin sirri da bayanin saiti a rubuce. Ana iya sa duk wannan a sharuɗɗan neman tayi ba tare da fifita wani kamfani ba, ta hanyar cewa dole zubin ya kasance yana da aƙalla shekaru kaza na kulawar tsaro daga ranar miƙa aiki.

Ga waɗanda injinansu suka riga suka daɗe suna aiki, ranar da ta fi kusa ita ce 12 ga Janairun 2027, lokacin da Windows Server 2016 zai daina samun faci, sai Ubuntu 22.04 da zai biyo baya bayan 'yan watanni a shekarar. Kasafin tarayya yana farawa ne a Janairu, kuma kowa ya san kuɗin manyan ayyuka ba sa sauka a makon farko. Hukumar da ke da ɗaya daga cikin waɗannan biyun, kuɗin ƙaurarta ya kamata ya fito daga kasafin shekarar da ta gabaci wa'adin, kuma matakin farko shi ne sashen kwamfuta ya kawo jerin injinan da ke ɗakin, kowanne da zubinsa da ranarsa, a takarda guda.